Taraktar Baba Ba Ta Riƙe Wuta

Zuwa ga Kawu Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara, da ɗalibanka na makarantar koyon sana'a. Inna tana gaida ƙanenta, ta ce in faɗa maka nisan nan naka ya yi yawa.

Jikin Baba da sauƙi, amma sauƙin na fatar baki ne. Tun da aka sallamo shi daga asibiti ɓarinsa na dama bai motsa ba, magana kuma ba ta dawo ba. Yana ji, yana gane kowa, yana cin abinci in Inna ce ta ba shi. In yana son abu sai ya bugi hannun kujera da hannunsa na hagu, mu yi ta canka har mu dace. Kowace safiya ni da Yaya muna ɗauko shi mu zaunar da shi a rumfar tarakta, domin nan kaɗai yake sakin fuska.

Maganar taraktar ce ta sa na rubuto. Ka san Tsohuwa, kamar yadda Baba yake kiranta, ta girmi Yaya nesa ba kusa ba. To yanzu ba ta riƙe wuta. In an kai batir wurin mai caji aka dawo da shi, bugu ɗaya take tashi, ta yi ta aiki lafiya lau. Amma in aka kashe ta ta kwana, da safe sai dai ka ji ƙas, shi ke nan. Batir sabo ne, ba laifinsa ba ne. Na gaji da tura shi a baro zuwa bakin kasuwa, har mai cajin in ya hango ni sai ya ce, "Ga uwar batir nan ta kawo ɗanta awo."

Mai rewaya na unguwarmu, wato mai gyaran wutar mota, ya zo ya leƙa, ya kama haɓa, ya ce shi irin wannan dainamo kakansa ne ya san shi. Bai ko buɗe jakarsa ba ya tafi.

Yaya ya ce da zarar ruwan farko ya sauka, in ba ta gyaru ba, masu sayen tsohon ƙarfe zai kira, mu yi hayar ta zamani. Ban ga laifinsa sosai ba. Gona ba ta jira, kuma nauyin gidan nan duk ya koma kansa. Amma Kawu, in aka yayyanka Tsohuwa aka loda ta a mota Baba yana raye, ban san abin da zai rage masa ba. Abin da nake so kawai ya ga ta tashi da kanta, ta fita gona ta dawo, ko da sau ɗaya ne.

Akwai wani abu kuma. Duk lokacin da muka buɗe akwatin batir sai ransa ya ɓaci. Ya dinga bugun kujera yana gurnani, yana ɗaga hannu yana jujjuya shi. Inna ta ce takaici ne, na ganin yara suna taɓa abin da shi kaɗai yake taɓawa.

Kai ne malamin wutar mota. Ni iyakacina miƙa wa Baba sifana da riƙe masa fitila, amma in ka koya mini a takarda zan iya. Dogo direba zai kawo maka wannan, shi za ka ba amsa.

'Yarka,
Auta


Zuwa ga 'yata Auta, Injiniyar gidanmu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lafiya ƙalau muke, sai gwiwar Antinki da ke taɓa ta in ta daɗe a tsaye. Wasiƙarki ta same ni a ɗakin gwaji, hannuna duk baƙin mai, na karanta ta a tsaye har sau biyu. Ki ce wa Innarki ƙanenta ya ji, kuma ya amsa laifinsa. Ki riƙe hannun Babanki na hagu ki faɗa masa ina gaishe shi. Ina ɗan yaro lokacin da yake neman Innarki, ladan kai saƙona shi ne ya ɗora ni a kan Tsohuwa in riƙe sitiyari tana tsaye. Daga nan na kamu da son injin. Amma wayarta bai taɓa bari na taɓa ba, ko bayan na zama malami.

Na ji daɗi da kika ce za ki iya, domin za ki iya ɗin. Kafin komai, ki cire zobe da awarwaro, ki ɗaure mayafinki tamau. Fanka ba ta san 'yar mai gida ba.

Ki ɗauki abin kamar ruwa. Dainamo shi ne rijiya, batir shi ne randa, wayoyi su ne hanya. A tsakaninsu akwai wani ɗan akwati mai murfi da ake kira katawut, shi ne mai gadin ƙofa: in injin ya ɗauki gudu sai ya buɗe wuta ta shiga batir, in injin ya mutu sai ya rufe don kada ta koma baya. Randar da ake wayar gari a same ta a bushe, ko dai rijiyar ba ta bayarwa, ko hanyar ta toshe, ko mai gadi ya bar ƙofa a buɗe. Ɗaya bayan ɗaya za mu bi su. Ɗalibaina kullum so suke su fara da kwance abin da ya fi wuya, sai in ce musu ai makanike da ido yake farawa.

Tun da batir sabo ne, na san Babanki ne ya ɗaura shi da hannunsa kafin ya kwanta, saboda haka ba zan ɓata miki lokaci a can ba. Ki fara da bel ɗin da ke juya dainamo. Injin yana kashe, ki danna shi da babban yatsa. In ya lotsa fiye da faɗin yatsan, ya yi sako-sako. Sannan ki leƙa bayan dainamo, za ki ga 'yan gawayi biyu da ke goga a jikin tagulla. In sun cinye ko sun maƙale, ki faɗa mini.

Daga nan ki yi ƙwan gwaji. Ki samu ƙwan fitilar mota ki ɗaura masa waya biyu. Ki taɓa ɗaya a babbar ƙusar dainamo, ɗaya a jikin tarakta inda babu fenti, Yayanki ya taka mai. In ƙwan ya kama, rijiya tana da ruwa. Bayan haka ki buɗe murfin katawut ki dubi 'yan bakunan ƙarfen da ke haɗuwa su rabu. Ki duba launinsu, ki kuma shinshina. A ƙarshe ki lura da allurar agogon caji da ke gaban sitiyari: ina take zuwa in injin yana gudu, ina kuma take zuwa in an kunna fitila injin yana kashe? Ki rubuto mini duk abin da kika gani, har wanda kike ganin shirme ne. Sau da yawa a cikin shirmen amsar take.

Game da ɓacin ran Babanki, ku lallaɓa zuciyarsa. Mai irin wannan ciwo ba a son jininsa ya hau. Duk abin da ke tayar masa da hankali ku nisanta shi da shi.

Ki ce wa Yayanki ya ba mu lokaci. Kawunsa ne yake roƙo.

Naki,
Kawu


Zuwa ga Kawu Malam,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan gwiwar Anti ta yi sauƙi. Na karanta wa Inna wasiƙarka tana tsince wake, da na zo wurin ladan kai saƙo ta yi dariyar da rabona da jinta tun kafin asibiti. Ta ce ashe sayar da ita ka yi a kan sitiyari.

Mun bi shawararka a kan Baba. Inna ta ce tun da Malam ya faɗa, a daina kai shi rumfa. Ranar farko da muka wuce da shi ɗakin ciki ya riƙe ƙyauren ƙofa da hannunsa mai lafiya, sai da Yaya ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya yana ba shi haƙuri. Yanzu ya yi shiru, ya daina bugun kujera. Inna tana ta sa maka albarka. Sai dai abincinsa ya ragu, kuma tagar ɗakin bayan gida take kallo. In na tayar da Tsohuwa, Inna ta ce sai ya juyar da kansa wajen bangon da ƙarar ke fitowa, ya ƙura masa ido har in kashe.

Ga abin da na gani. Bel yana da ƙarfi. Gawayin dainamo suna nan da sauransu, na goge su da tsumma. Na yi ƙwan gwaji, kuma Kawu, ya kama! Na yi tsalle har na bugi kaina da rufin rumfa. Yaya ya ce, "To Injiniya, an samu wutar ƙwai ɗaya, sai a ɗaura masa garma."

Katawut kuwa ƙauri yake yi. Bakunan sun yi baƙi ƙirin sun manne da juna. Na raba su da reza, na goge da samfefa har suka yi haske. Da muka tayar da ita sai suka riƙa kaɗawa suna zuzz kamar zanzaro a cikin kwalba, suna tartsatsi, kafin in kashe sun sake mannewa.

Ga shirmen da ka ce in rubuto. Allurar agogo ta haukace. In na kunna fitila injin yana kashe, sai ta tafi wajen caji, kamar fitilar ce take ba batir wuta. Yaya ya ce agogon ma ya tsufa ya ruɗe kamar mai shi. Maganar ta fita kafin ya kama ta. Ya ajiye filaya ya fita, bai dawo ba sai da rana ta karkata.

Af, ba Baba ne ya ɗaura batirin ba. Tsohon batirin ya mutu Baba yana asibiti, Yaya ya sayo wannan ya ɗaura shi yadda ake ɗaura na mota, siririn kai a wayar da ke zuwa jiki. Ya ce wahalar da ya sha kawai, bakin wayar jikin ya yi wa kan faɗi, sai da ya cusa guntun gwangwani kafin ya kama, ɗayar kuma ta yi ƙunci sai da ya buɗa ta da sukundireba. Amma yanzu duk sun ɗauru gam, na jijjiga su ba sa motsi.

Hadari ya fara haɗuwa da yamma, ko da yake iska tana watsa shi. Me zan yi gaba?

'Yarka,
Auta


Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Dogo ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, kowane zuwa ina tsaye a tasha, sai ya ɗaga mini hannu wayam tun daga nesa.

Jikin Baba ba daɗi. Ya daina juyowa in an shiga, fuskarsa tana bango. Ruwan koko kawai yake karɓa, shi ma sai Inna ta yi ta magiya.

Mai sayen ƙarfe ya zo. Ya zagaya Tsohuwa yana ƙwanƙwasa ta da makulli, yana cewa ƙarfe ne da ba a yin irinsa yanzu. Yaya ya ce masa ya dawo bayan ruwan farko. Da na yi magana ya ce, "Auta, ki duba fa. Ko Kawu da ya ga abin da kika rubuta ya san ba ta gyaruwa, kunyar faɗa miki yake ji."

In haka ne, Kawu, ka faɗa mini kawai. Na fi son in ji daga bakinka. Ba zan yi fushi ba.

Auta


Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. Ki fara aikata wannan kafin ki ƙarasa karatu: ku fito da Babanki rumfa. Yau, yanzu.

Ban yi shiru don na sare ba. Na kai 'yan ajin ƙarshe aikin gwaji a wata masana'anta mai nisa, wasiƙunki biyu suna kwance a teburin masinja. Ɗazu na dawo na same su, na karanta ta farkon na zauna a ƙasa. Dogo yana ɗaure kaya a tasha, shi ya sa rubutuna ya karkace.

Tsohuwa tana gyaruwa, kuma ke kika gano ciwon. Guntun gwangwanin nan shi ne amsar. Kowane batir yana da kai mai kauri da siriri. Motocin yanzu duk siririn ake kai wa jiki, haka Yayanki ya sani, haka ni ma nake koyarwa. Amma taraktocin zamanin Tsohuwa da yawansu mai kaurin ake kai wa jiki. Shi ya sa bakin wayar jikinta yake da faɗi, an yi shi ne don kai mai kauri. Batirin a juye yake. Abin tayar da injin ba ruwansa, ko ta ina wuta ta zo zai juya, fitila ma haka, shi ya sa ba ku ga alama ba. Amma dainamo yana turo wuta ta nan, batir yana turowa ta can, suna karo a bakin katawut har ya ƙone ya manne, wutar ta tsiyaye kafin safiya. Agogon nan lafiyarsa ƙalau. Gaskiya yake faɗa, a juye aka ba shi.

Auta, Babanki ma haka. Kin rubuta mini cewa in kun buɗe akwatin batir yana ɗaga hannu yana jujjuya shi. Ba takaici ba ne. Cewa yake ku juya shi. Daga kujerarsa yana hango wayar jiki a kan siririn kai.

Da na ce ku nisanta shi da abin da ke tayar masa da hankali, gardamar sayarwa nake nufi, kada a riƙa yinta a gabansa. Ban fayyace ba. Ban taɓa kawo wa raina za a raba shi da rumfar ba.

Ga aikin. Ki cire wayoyin batir duka biyu, ki jefar da gwangwanin, ki juya batirin. Ki sake raba bakunan katawut ki goge su kafin ki haɗa komai. Ki ɗaura wayar wuta a siririn kai, ki matse bakinta da filaya, sannan wayar jiki a mai kauri. Za ki ga ta zauna kamar hula a kan mai ita. Saura abu ɗaya: dainamo ya ruɗe, sai an tuna masa hanya. Ki cire wayoyinsa biyu, ki ɗauko guntun waya daga siririn kan batir ki taɓa ƙaramar ƙusarsa, taɓawa ɗaya ki ɗauke. Za ki ga ɗan tartsatsi, kada ki ji tsoro. Ki mayar da wayoyin, ki tayar da ita, ki dubi allura.

Amma kafin ki taɓa komai, ki kai kujerarsa dab da akwatin. Ki ɗaga wayar jiki ki nuna masa kai mai kauri, ki dubi fuskarsa. Ki bari shi ya ba da umarni. Taraktarsa ce.

Ki ce masa ƙanen matarsa ya ce ya yi haƙuri, mun ji shi yanzu.

Kawunki


Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu. Na san saƙon baki zai riga wannan isa gare ka, amma ina so ka ji yadda aka yi daga wurina.

Da hantsi ne. Inna ta shiga da ruwan ɗumi za ta goge masa fuska, ta same shi ya tafi, yana kwance yadda ya saba, fuskarsa tana bango. Bai wahala ba, in ji ta. An kai shi kafin la'asar. Dogo ya kawo wasiƙarka gidan cike da masu gaisuwa, ya miƙo mini ita bai iya haɗa ido da ni ba.

Na karanta ta a bayan rumbu. Layin farko ka ce mu fito da shi rumfa, yau, yanzu. Na daɗe ban wuce wannan layin ba.

Inna ta ce in karanta mata abin da ƙanenta ya rubuto. Na karanta mata gaisuwa, da labarin masana'anta, da maganar batir. Na tsallake wurin hannun Baba da wurin rumfa. Ta ce, "Shi ke nan? Takardar ta fi haka tsawo." Na ce sauran duk maganar waya ce. Ta gyaɗa kai. Ita ce ta ce a shigar da shi ciki, Kawu, kuma don tana sonsa ta yi. Ban san yadda za ta ɗauki wannan ba.

Yaya kuwa ya iya karatu, ya karɓa ya karanta da kansa bayan baƙi sun ragu. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Sai ya miƙe ya nufi rumfa, na bi shi. Ya buɗe akwatin ya tsaya yana kallon gwangwanin nan.

Ya ce, "Haka yake yi da hannunsa, Auta. Haka. Kullum."

Na ce, "Ni ma ina wurin, Yaya."

Ya ce, "Ke ba ke kika ɓamɓare masa yatsu daga ƙofa ba."

Na miƙa masa sifana. Shi ya cire wayoyin, shi ya ɗaga batirin ya juya, hawaye yana ɗiga a kan murfin yana sharewa da hannun riga don kada ya shiga ramukan ruwan batir. Wayar jiki ta zauna a kai mai kauri ba tare da an matsa ta ba. Ni na goge katawut, ni na taɓa ƙaramar ƙusa. Tartsatsin ɗan ƙarami ne, ban ma firgita ba.

Da ya tayar da ita, katawut ya yi ƙas sau ɗaya ya yi shiru. Ya taka mai, allura ta tashi a hankali ta tafi wajen caji ta tsaya. Muka kashe ta muka bar ta ta kwana. Da safe na murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi.

Aikin duka bai kai tsawon dahuwar shayi ba, Kawu. Na juya don in ga fuskar wani, sai Yaya kawai, shi kuma ya kifa kansa a kan taya.

'Yarka,
Auta


Zuwa ga 'ya'yana, Auta da Yayanta,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Babanku, ya yafe masa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Allah ya ba Innarku haƙuri, ya ba mu duka. Antinku tana ta kuka, ta ce in gaishe ku. Jarrabawar ɗalibai tana hannuna, da na miƙa sakamako zan taso.

Na sa sunanku ku biyu don ina so Yayanki ya karanta wannan da idonsa. Ɗana, ka ɗaura batir yadda kowane littafi a ɗakin karatunmu ya ce a ɗaura. Da ɗalibina ne kai, da maki zan ba ka. Ka shigar da mahaifinka ɗaki don kawunka ya ce a kiyaye jininsa, mahaifiyarka kuma ta umarce ka. Ba zan ce maka kada ka ji zafi ba, ni ma ban san inda zan ajiye nawa ba. Amma kada ka ɗauke shi kai kaɗai. Mu huɗu ne, kowannenmu yana sonsa, kuma ba wanda ya gane. Kwanansa kuma ba a hannunmu yake ba.

Auta, game da Innarki, ba zan tayar da maganar ba. In ta tambaye ni kai tsaye ba zan yi mata ƙarya ba, yayata ce. Amma zan zauna kusa da ita in na faɗa, kuma zan fara da layin da ni na rubuta.

Kin yi aikin makanike na gaske. Kin duba, kin gwada, kin rubuta abin da kika gani ba ki rage ba. Na so a ce da murna nake faɗa miki wannan.

Ki riƙa duba ruwan batirin, ki shafa ɗan man giris a kawunan. Me kuka yanke da mai sayen ƙarfe?

Kawunku


Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya gwargwado. Yaya ya karanta, ya ninke takardar ya sa a aljihu, kuma ya ci abinci ranar.

Ruwa ya sauka. Mai sayen ƙarfe ya dawo da motarsa da masu yanka, Yaya ya tare shi a ƙofar gida ya ce ba ta sayarwa ba ce. Mun nome gonar duka da Tsohuwa, Yaya yana tuƙi ina bin sa da iri. Ko sau ɗaya ba ta ƙi tashi ba.

Jiya da yamma muka dawo da ita. Muna shan kwanar gida na hango Inna ta fito tsakar gida da buta a hannu da tawul a kafaɗa. Ta tsaya tana kallonmu har Yaya ya kashe injin. Sai ta dubi butar, ta ajiye ta a ƙasa a hankali.

Bayan mun ci abinci ta kira mu. Ta ce, "Ku rufa mini asiri ku fitar da ita daga gidan nan. Tun ina amarya, in na ji ƙarar nan ta shawo kwana na san ya dawo. Ƙafafuna ba su san ya rasu ba. Kullum sai sun tashe ni, kullum sai na sake jin mutuwar sabuwa. Ba zan iya ba."

Yaya ya ce, "Inna, ai yanzu ta gyaru."

Ta ce, "Na sani. Da ba ta tashi ai na fi samun sauƙi."

Mun yi shawara ni da Yaya. Ba za mu ba masu yanka ba, kuma ba ma son ta koma hannun wani a kusa inda za a riƙa jinta. Makarantarku za ta karɓe ta? Ɗalibanka su koyi irin wayarta a jikinta. Baɗi ma yi haya.

In ka yarda, ka taho da manyan ɗalibanka masu ƙarfi. Ba za mu tayar da ita a gida ba. Za mu tura ta a kashe, mu bi ta bayan rumbu har mu wuce gidajen ƙarshe, inda Inna ba za ta ji ba. In mun kai can, ka bar ni in murɗa makullin.

'Yarka,
Auta